Jinjina ga Masu Ƙirga Tsabar Kolofon, da Aikin da Ya Rage Musu

A gidan adana kayan tarihi na Ashmolean da ke Oxford, a ƙasar Ingila, akwai wata ajiya ta tsabar azurfa sama da 900, waɗanda in aka tattara su duka aka ɗora a sikeli ba za su kai rabin kilo ba. Mafi yawansu nauyin kowace kimanin giram 0.21 ne ko 0.43, faɗinta kuma bai kai santimita ɗaya ba. An buga su a ƙarshen ƙarni na shida kafin Miladiyya, a wani birnin Girkawa mai suna Kolofon, wanda kufansa ke kudu da Izmir a Turkiyyar yau. A fuska ɗaya akwai kan mutum, wanda masana ke ɗauka na Afolo ne, abin bautar mutanen garin. A ɗaya fuskar ba komai sai ɗan rami inda ƙarfen bugu ya sauka. Tare da su aka samu gutsattsarin azurfa 77 da ba a buga ba, irin wadda ake yankawa a auna a biya.

Henry Kim, wanda ya yi shekaru yana aiki a Ashmolean, da Farfesa John Kroll na Jami'ar Texas da ke Austin, su ne suka fitar da cikakken nazarin wannan ajiya a 2008, a mujallar ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Amurka. An bi tsabar ɗaya bayan ɗaya, ana gwada kowace da 'yan'uwanta, don a gano hatimai nawa aka yi amfani da su wajen buga su. Aka samu kusan 400 na fuskar gaba kaɗai. Yabon gwani ya zama dole, kuma su nake wa wannan jinjina, su da waɗanda suka share musu hanya. Sai dai zan haɗa jinjinar da tuni, domin adadin da suka samo ya tayar da wata tambaya da har yau ba a amsa ta yadda ya kamata ba.

Sai an san yadda ake buga kuɗi a wancan zamani kafin a gane nauyin aikin. Babu inji. Mai sassaƙa zai zauna ya ƙwaƙule hoto a bakin wani guntun ƙarfe ko tagulla mai tauri, wannan shi ne hatimi. A kafa ɗaya a jikin uwar maƙera, a ɗora masa ɗan curin azurfa da aka riga aka auna, a dafa na biyu a sama, sannan a sauke masaba. Bugu ɗaya ko biyu, kuɗi ya fito. Tunda hannu ne ya sassaƙa, ba a samun hatimai biyu da suka yi daidai ta kowace fuska: wannan hancinsa ya ɗan fi tsini, wancan layukan gashinsa biyar ne maimakon shida, wani kuma idonsa ya karkata. In hatimi ya fara tsagewa, tsagar za ta fito a jikin duk abin da aka buga da shi daga ranar, tana ƙara faɗi har a jefar da shi. Na sama, da yake shi ke shan masaba kai tsaye, ya fi saurin mutuwa, shi ya sa masana suka fi dogara da na ƙasa, wato na fuskar gaba, wajen ƙidaya. Mai haƙuri da kaifin ido zai iya rarraba tsabar gida-gida, ya ce waɗannan bakwai hatiminsu ɗaya, waccan kuma ita kaɗai ce a gidanta. Amma a tuna, in za a gwada kowace cikin tsaba 900 da kowace, gwajin ya haura 400,000, kuma a kan fuskar da ido ba ya gane komai a jikinta sai da gilashin ƙara girma, wadda rabin hoton ma sau da yawa ya faɗa waje saboda azurfar ba ta kai faɗin hatimin ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Friedrich Imhoof-Blumer, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna amfaninta ga kuɗin Girkawa tun 1878. Amma an yi kusan shekara ɗari hankalin masana na kan manyan sulalla, irin mai mujiya na Atina da ke da nauyin giram 17 da ɗoriya, ko na Sirakus a tsibirin Sisili, waɗanda kyawun sassaƙarsu ke sa attajirai rige-rigen saye. Ƙananan ba mai ta tasu. Ba su da kyan gani, galibi ba rubutu a jikinsu, kuma ba su cika zuwa hannu ba tun farko, domin mai binne dukiyarsa a tukunya manya yake zaɓa, ƙananan kuwa a ƙasar kasuwa suke zubewa ɗaya-ɗaya su ɓace.

Wannan rashin ya haifar da wani ra'ayi da ya daɗe yana mulki. A 1964 Colin Kraay, wanda daga baya ya shugabanci ɗakin tsabar kuɗi na Ashmolean ɗin nan, ya rubuta maƙala mai tasiri ƙwarai. Ya ce a farkon zamanin kuɗi birane kaɗan ne ke buga ƙananan tsaba a kai a kai, saboda haka ba don cinikin yau da kullum aka ƙirƙiro kuɗi ba, don hukuma ne: biyan sojan haya, karɓar haraji da tara, biyan manyan ayyuka. Kraay bai yi ganganci ba, abin da ke gabansa ya karanta, kuma ba wanda ya fi shi sanin abin da ke ƙasa a lokacin. Yana cikin mutum ukun da suka tattara babban kundin ajiyoyin kuɗin Girkawa na 1973, mai ɗauke da ajiya 2,387. Amma abin da ya biyo baya shi ne talaka ya fita daga labarin. Mai kifi a bakin teku, mai ɗauko itace, tsohuwar da ke sayen man zaitun na kwana ɗaya, duk an bar su a zamanin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda.

Hatiman Kolofon ne suka taimaka wajen dawo da su, kuma nan ne jinjinata ta fi ƙarfi. Babu hukumar da za ta sa a sassaƙa hatimai ɗaruruwa don buga ƙwayar da sai an tara kusan 80 kafin ta yi nauyin mai mujiya ɗaya, sai in kasuwa na neman ta kullum. Ba da irin wannan ake sallamar rundunar sojan haya ba, ba kuma da ita ake sayen jirgin ruwa ba. Ƙwayar da ta kai kashi ɗaya cikin 48 na babban ma'aunin azurfa na Lidiya da Farisa, aikinta ɗaya ne, ƙaramin ciniki. Kolofon kuwa ba Atina ba ce. Birni ne matsakaici, a ƙarƙashin mulkin Farisa tun bayan da Sarki Sairus ya ci Lidiya wajen 546 kafin Miladiyya, amma ga shi tun kafin ƙarshen wannan ƙarni mutanensa na neman canji. Gutsattsarin azurfa 77 ɗin nan ma suna da abin faɗa: mai dukiyar yana rayuwa ne a lokacin da ake auna azurfa ana kuma ƙirga ta, yana riƙe da duka biyun a ajiya guda.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Wanda zai rubuta tarihin Kasuwar Kurmi daga dalolin da suka tsira kaɗai, fatake zai gani, ba zai ga mai fura ba, alhali wuri ne ke juya kasuwar daga hantsi har magariba.

A Atina, bayan kimanin shekara ɗari, rubuce-rubuce sun tabbatar da haka. Dirakma ɗaya obol shida ce, obol kuma nauyinsa kimanin giram 0.7, a ƙarƙashinsa akwai rabinsa da rubu'insa har da sumuninsa. Wanda ya zauna a kotu cikin masu yanke hukunci ana ba shi obol uku a wuni tun wajen 425 kafin Miladiyya. Marubucin wasan kwaikwayo Aristofanis ya nuna a wurare da dama cewa a baki mutane ke ajiye irin waɗannan tsaba in za su kasuwa, saboda ƙanƙantarsu. Abin da nazarin Kolofon ya ƙara shi ne ya mayar da farkon wannan al'ada baya sosai, kuma ya yi hakan da ƙidaya, ba da zato ba.

Daga nan lissafi ke shigowa, kuma akwai wasu da suka cancanci a ambace su. Ba duk hatimin da aka sassaƙa ne ya bar mana shaida ba. In ka ga hatimai da yawa sau ɗaya tak suka bayyana a cikin tarin da ke hannunka, alama ce akwai wasu da dama da ba su bayyana ba sam. In kuwa kowane ya bayyana sau goma ko ashirin, to ka kusa ganin duka. Tushen wannan tunani yana wurin I. J. Good, wanda ya yi aiki da Alan Turing wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu, ya kuma wallafa dabarar a 1953. Giles Carter, masanin sinadarai, ya fito da hanya mai sauƙi ga masu nazarin kuɗi a 1983. Warren Esty, malamin lissafi a Jami'ar Jihar Montana, ya gwada hanyoyin da juna a 1986, ya ci gaba da gyara su har 2011. Ƙa'idarsa mafi sauƙi ita ce a ninka yawan tsaba da yawan hatiman da aka gani, a raba da bambancin da ke tsakaninsu. In muka ɗauki 900 da 400 don misali kawai, za a samu 360,000 a raba da 500, wato hatimai 720. Na haɗa ƙananan da manyan a wuri guda don a ga yadda lissafin ke tafiya, mai nazari na gaske zai ware su, amma ko a haka an ga cewa abin da ya ɓace ba kaɗan ba ne.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Hatimi ɗaya tsaba nawa yake bugawa kafin ya mutu? Girkawa ba su bar mana littafin maƙera ba. David Sellwood, injiniya, ya sassaƙa hatiman tagulla da kansa ya yi ta bugu, ya wallafa sakamakon a 1963, ƙiyasinsa ya kama daga 10,000 zuwa 16,000 ga hatimin ƙasa in azurfar da zafi aka buga ta. Michael Crawford ya ɗauki 30,000 ga dinarin Rum a 1974. Shaida mafi ƙarfi daga Delfi ta ƙasar Girkawa ta fito, inda aka sake buga kuɗi wajen 336 zuwa 334 kafin Miladiyya aka kuma rubuta lissafin azurfar a jikin dutse. Philip Kinns ya haɗa rubutun da ƙidayar hatimai a 1983, ya samu tsakanin kimanin 23,000 da 47,000. François de Callataÿ na Beljiyam, wanda ya tattara nazarin hatimai sama da 600 a kundi biyu, a 1997 da 2003, shi ya sa 20,000 ta zama adadin da aka fi amfani da shi.

Ba kowa ya yarda ba. Theodore Buttrey, yana shugaban ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Birtaniya, ya tashi a jawabansa na 1993 da 1994 ya ce ɓaro-ɓaro abin ba zai yiwu ba. Hujjarsa ita ce wani hatimin a bugun farko yake fashewa, wani ya yi dubban goma, kuma adadin da aka ƙaƙalo da zato, da zarar ya shiga littafi, sai marubucin gaba ya ɗauke shi tamkar gaskiya. De Callataÿ ya ba shi amsa a 1995, cewa in hatiman suna da yawa, masu gajeren kwana da masu tsawon rai suna cike wa juna, kuma faɗin iyakar ƙasa da ta sama ya fi yin shiru. Ni ina bayan de Callataÿ, domin tarihin tattalin arziki da ba adadi a cikinsa hira ce kawai. Amma Buttrey ma ya cancanci jinjina. Tsawarsa ce ta koya wa masu lissafi kunya, kuma gargaɗinsa ya fi cizo a kan ƙananan tsaba fiye da ko'ina.

Dalili kuwa a fili yake. Duk adadin da na lissafa daga manyan sulalla aka samo su. Na Delfi nauyinsu wajen giram 12 ne, dinarin Rum kusan 4. Ɗaukar ma'auninsu a ɗora wa ƙwayar giram 0.21 aro ne, kuma ba a tabbatar rigar ta yi daidai ba. Ana iya cewa ƙaramar tsaba ba ta buƙatar bugu mai ƙarfi, don haka hatiminta zai fi daɗewa, ya wuce 20,000 nesa. Ana kuma iya cewa ƙaramin hatimi ba shi da tsadar sassaƙa, mai maƙera ba zai ji ciwon jefar da shi da wuri ba, ko kuma maƙera da yawa ne ke bugu a lokaci guda don a fitar da kuɗi cikin gaggawa, aka ajiye hatiman ba su tsufa ba. Duka biyun suna shiga hankali. A duba abin da bambancin ke haifarwa: hatimai 700, in kowane ya buga 1,000 kacal, tsaba 700,000 ke nan, azurfa kimanin kilo 200. In kowane ya buga 20,000, tsaba miliyan 14 ne, azurfa sama da tan 4. Ko adadin ƙasa ya isa ya rushe zancen cewa babu canji a Kolofon, wannan nasara ta tabbata. Amma wanda ke son sanin ƙarfin arzikin birnin, ko inda yake samun azurfarsa, ba zai iya aiki da amsar da ke lilo tsakanin ɗaya da ashirin ba.

Wannan giɓi kuwa ana iya rage shi, shi ya sa nake ganin barinsa a haka sakaci ne. A Melle ta ƙasar Faransa, inda tsoffin ramukan haƙar azurfa suke, Thomas Faucher da abokan aikinsa sun kafa maƙera irin ta da, suka buga dubban sulalla, suka wallafa abin da suka gani a 2009. Amma manya suka buga, irin na Atina. Ƙananan su ne mafi arhar gwadawa: azurfar da za ta ba da mai mujiya 250 za ta ba da ƙwayar Kolofon 20,000, kuma ana iya narkar da ita a sake. Abin da ake nema shi ne hatimai da yawa, na tagulla da na ƙarfe, a buga da zafi a buga da sanyi, a ci gaba har kowane ya mutu, a rubuta ranar mutuwarsa. Aiki ne mai gajiyarwa da ba ya kawo suna da sauri, amma ba ya fin gwada tsaba 900 da juna wuya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Duk ƙa'idojin lissafin nan sun ginu ne a kan cewa tsabar da ke hannu ta cakuɗu sosai, ta fito daga ko'ina cikin abin da aka buga. Ajiya ɗaya kuwa aljihun mutum ɗaya ce. In ya karɓi kuɗinsa a dunƙule daga maƙera, hatimai kaɗan za su yi ta maimaituwa, lissafi ya ba da adadin da ya gaza na gaskiya. Maganin shi ne a samu ajiya ta biyu da ta uku, da tsabar da aka tsinta ɗaya-ɗaya a inda ta faɗi. Ita kanta wannan ajiya ta hannun 'yan kasuwa ta biyo, ba a rubuta ramin da ta fito ba, abin da aka sani kawai shi ne yammacin Turkiyyar yau. Ko a gida aka binne ta, ko a shago, ko a harabar wurin bauta, wannan labari ya tafi tare da wanda ya tono ta. Tun da na'urar gano ƙarfe a ƙasa ta yaɗu, ƙananan tsaba sun cika kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka, mafi yawansu ba asali. Masani na amfana da hotunansu, gaskiya ne, amma duk wanda ya gina suna a kansu wajibi ne ya faɗi cewa kowace ƙwaya da ta zo ta wannan hanya ta bar rabin shaidarta a ramin da aka lalata, ko da yake yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta daɗe da hana safarar irin waɗannan kaya. Masu tonon kufai da izini su ma da nasu nauyin. An fara tono a Kolofon tun 1922, ƙarƙashin Hetty Goldman da Carl Blegen, yaƙin Girka da Turkiyya ya katse aikin. A zamaninsu ba wanda ke tsammanin kuɗi mai wannan ƙanƙanta da yawa haka. Yau an sani, don haka wanda ya kwashe ƙasar tsohuwar kasuwa ya zubar ba tare da ya tankaɗe ta da rariya mai ƙananan ido ba, ba shi da uzuri.

Kwamfuta ta fara sauƙaƙa gwajin, ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Amurka da wasu jami'o'i suna da manhajojin da ke rarraba hotuna bisa hatimi kafin mutum ya duba da idonsa. Amma manhaja ba ta aiki sai da hoto mai kyau da nauyi da aka auna daidai, kuma a ƙwayar da ba ta kai rabin giram ba, kuskure kaɗan na sikeli na iya mayar da ita wani aji daban. Gidajen tarihi na Turkiyya da Girka, inda tsabar da aka san asalinta take, su suka fi cancantar a taimaka musu da kayan ɗaukar hoto da ma'aikata, kuma sunan masanan ƙasar ya fito a kan aikin.

Malamai, kun yi abin a yaba, Allah ya saka da alheri. Yanzu ku koma maƙera ku buga ƙananan har hatiman su mutu, ku sa hoton kowace tsaba da nauyinta a intanet inda ɗalibin Izmir da na Zariya za su iya sake ƙirgawa da kansu, kuma duk lokacin da za ku rubuta adadin kuɗin da Kolofon ta buga, ku rubuta na ƙasa da na sama tare a layi ɗaya.